ROCKET SINGH: Jarabawar da Ba a Yi Wa Ɗalibi a Jami'a

Fim: Rocket Singh: Salesman of the Year
Kamfani: Yash Raj Films
Furodusa: Aditya Chopra
Darakta: Shimit Amin
Labari: Jaideep Sahni
Kiɗa: Salim da Sulaiman
'Yan wasa: Ranbir Kapoor, Prem Chopra, Manish Chaudhary, Gauahar Khan, Naveen Kaushik, D. Santosh, Mukesh Bhatt, Shazahn Padamsee
Shekara: 2009

Mai karatu, idan ka zauna ka lissafa finafinan da ka kalla waɗanda jaruminsu ɗan jami'a ne, na Hausa ko na Indiya, za ka ga yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Za a nuno shi a harabar makaranta da littafi ɗaya a hannu, ya haɗu da yarinya, a yi waƙa, a yi rigima da iyaye. Can sai a rubuta maka "bayan shekara biyar," sai ga gogan naka cikin kwat ko babbar riga yana juyi a kujerar ofis, sakatariya tana shigo masa da fayil yana sa hannu. Me ake yi a ofishin? Oho. Ta yaya ya samu aikin, wa ya koya masa, nawa ne albashinsa na farko? Babu mai gaya maka. To wannan tsakanin da ake tsallakewa, shi fim ɗin da za mu duba a wannan watan ya ɗauko ya mayar da shi labarinsa gaba ɗaya.

An saki fim ɗin ranar 11 ga Disamba, 2009, kuma bai yi kasuwa ba. Sati biyu bayan fitowarsa 3 Idiots na Aamir Khan ya fito ya kwashe masu kallo kaf, aka manta da shi a silima. Amma masu sharhi sun yaba masa, har Ranbir Kapoor ya samu kyautar Filmfare ta zaɓin masu sharhi saboda wasansa a wannan fim da wasu biyu da ya yi a shekarar. Daraktan kuma ba baƙo ba ne, shi ne ya yi Chak De! India na Shah Rukh Khan a 2007, tare da wannan marubucin dai, Jaideep Sahni. Na ɗauko shi ne duk da shekarun da ya yi, domin abin da yake magana a kai bai tsufa ba, kuma akwai darasi a cikinsa ga duk wanda yake shirin karɓar kwalinsa, da kuma masu rubuta mana labarai.

LABARIN A TAƘAICE

Harpreet Singh Bedi (Ranbir Kapoor) saurayi ne mabiyin addinin Sikh, mai rawani da gemu, yana zaune da kakansa (Prem Chopra) su biyu a birnin Mumbai. Ya gama digirinsa a fannin kasuwanci da makin da bai kai kashi 40 cikin 100 ba, wato dai da ƙyar na sha. Abokansa suna maganar ƙaro karatu, shi kuwa ya san iyakacin ƙwaƙwalwarsa a littafi, sai ya ce aikin talla zai nema tunda Allah ya hore masa iya hulɗa da jama'a. Ya samu shiga wani kamfanin sayar da kwamfuta da gyaranta mai suna AYS a matsayin ɗan koyo, kakansa kuma ya saya masa ɗan babur irin roba-roba don zirga-zirga.

Bai yi nisa da fara aiki ba aka tura shi wurin wani babban kwastoma. Jami'in da ke sayen kaya a can ya nemi a ba shi nasa kason kafin ya sa hannu. Harpreet, saboda ƙuruciya da tarbiyyar gida, sai ya rubuta ƙarar mutumin ya jefa a akwatin koke na kamfaninsu. Cinikin ya lalace. Da ya dawo yana tsammanin za a ce masa sannu da ƙoƙari, sai mai kamfanin, Sunil Puri (Manish Chaudhary), ya ci masa mutunci tas. Aka hana shi fita talla, aka ajiye shi a kan tebur yana jiran wa'adin koyonsa ya cika a sallame shi. Abokan aikinsa suka mayar da shi abin wasa, suna naɗe takarda kamar roka suna jifansa da ita. Daga nan sunan fim ɗin ya samo asali.

A cikin wannan zaman wulaƙanci ne Koena (Gauahar Khan), mai karɓar baƙi, ta tausaya masa ta haɗa shi da wasu ƙananan kwastomomi da kamfanin bai damu da su ba. Da ya shiga kasuwar 'yan sari ya tambayi farashin kayan haɗa kwamfuta, sai idonsa ya buɗe, ya ga irin ribar da ake ɗorawa, ya kuma gane cewa abin da mai saye ya fi buƙata shi ne wanda zai amsa kiransa ranar da na'urar ta lalace. Sai ya kafa nasa kamfanin a ɓoye, Rocket Sales Corporation, a cikin ofishin AYS ɗin. Ya jawo Giri mai gyaran kwamfuta, ya jawo Koena, ya jawo Chhotelal masinja mai raba shayi, daga baya har manajan da ya fi kowa gallaza masa, Nitin, ya shigo. Kowa aka ba shi matsayin abokin tarayya. Kamfanin ya bunƙasa har ya fara ƙwace wa AYS kwastomomi. Rannan Puri ya buga lambar wannan kamfani da ya hana shi barci, sai ya ji waya tana ƙara a cikin nasa ofishin. Asiri ya tonu, aka kore su, aka tilasta wa Harpreet ya sa hannu ya miƙa kamfanin, ya koma yaron shago a wani kantin kayan lantarki. A ƙarshe Puri ya kasa riƙe kwastomomin da ya ƙwata, ya zo har kantin ya mayar masa da kamfaninsa a kan rufi ɗaya.

INDA FIM ƊIN YA CIRI TUTA

Abu na farko da zai burge ka shi ne ofishin kansa. An gina shi kamar inda mutane suke wuni da gaske: tebura a cunkushe, wayoyi suna ƙara ba ƙaƙƙautawa, ga taget da aka ɗora wa kowa na cinikin da zai kawo, ga manaja yana zagayawa yana zare ido. Kafin a yi rabin awa ka riga ka san me kamfanin yake sayarwa, ta ina riba take shigowa, wa yake tsoron wa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Marubucin da bai taɓa zama ya tambayi 'yan talla yadda suke yi ba, ba zai iya rubuta shi ba.

Dubi fitowar da Nitin ya ɗauki Harpreet yawon koyon aiki. Yana nuna masa yadda ake jan maigadi a jiki don a leƙa littafin baƙi a ga wane kamfani ne ya riga ka zuwa, da yadda ake karanta takardar da ke kan teburin kwastoma alhali tana juye. Babu jami'ar da take koyar da wannan. Kuma daraktan bai sa wani kiɗan gargaɗi don ya nuna maka cewa Nitin mugu ne ba, sai ya bar ka kana dariya kana jin daɗin wayonsa, kamar yadda shi ma Harpreet yake ji. Ta haka ake shigar da sabon ma'aikaci cikin al'adar wuri, da raha da "zo in nuna maka." Lokacin da maganar cin hanci ta zo, ba ta zo da ƙaho ba, ta zo ne a matsayin mataki na gaba a cikin darasin da aka riga aka fara. Shi ya sa mutanen ofis suka ɗauki Harpreet mahaukaci. A ganinsu bai ƙi laifi ba, aikinsa ne ya kasa yi.

A nan ne jigon fim ɗin yake. Jami'a tana auna abin da ka haddace, ta ba ka maki. Wurin aiki kuwa, tun a watan farko, yana auna nawa ne farashinka, kuma ba a sanar da ranar jarabawar. Wanda ya fita da sakamako mafi daraja yana iya faɗuwa a ranar, wanda ya fita da 39 ya haye. Fim ɗin ya faɗi wannan ba tare da ya tsayar da wani dattijo ya yi mana wa'azin minti goma ba.

Abu na biyu shi ne yadda aka ɗauki ƙananan ma'aikata. A yawancin finafinai masinja da maigadi kayan ban dariya ne, a zo a yi musu tsawa su ruga. A nan kuwa Chhotelal, wanda kowa yake aike ba tare da ya ɗaga kai ya dube shi ba, ashe ya iya haɗa kwamfuta da hannunsa. Koena, wadda maza suke kallon fuskarta kawai, ashe ta fi manajoji sanin kwastomomin kamfanin, don duk kira ta hannunta yake bi. Harpreet bai fi su ilimi ba, abin da ya fi su da shi kawai shi ne ya lura da su, ya kira su da sunansu, ya ce su zo a raba riba. Fitowar da aka ce wa Chhotelal shi ma abokin tarayya ne, ka dubi fuskar Mukesh Bhatt a wurin, za ka ga mutumin da ya shekara da shekaru ba a taɓa ce masa zauna ba. Duk sabon ma'aikacin da ya kalli wannan ya kamata ya gane cewa sirrin ofis yana hannun waɗanda ba su da kujera mai juyawa.

Ta fuskar wasa, Ranbir Kapoor ya yi abin da ba a saba gani ga ɗan babban gida ba. Jikan Raj Kapoor ne, ɗan Rishi Kapoor, amma ya yarda aka rufe masa gashi da rawani, aka sa masa rigar ma'aikata, aka zage shi ya sunkuyar da kai. Bai doki kowa ba daga farkon fim har ƙarshe. Fushinsa a ido yake da yadda yake haɗiye magana. Duk wanda aka taɓa yi wa faɗa a gaban abokan aiki, yana son ya rama amma yana tuna ƙarshen wata, zai gane wannan kallon. Prem Chopra kuma, wanda iyayenmu suka sani a matsayin bos, har da fitowarsa a Bobby na 1973 inda ya tsoratar da mahaifin Ranbir, a nan ya zama tsoho mai taushin zuciya. Zaɓensa dabara ce mai kyau. Manish Chaudhary bai mayar da Puri dodo ba, ɗan kasuwa ne da ya yarda cewa haka duniya take, kuma yana da hujjojinsa. Naveen Kaushik ma ya yi ƙoƙari matuƙa a matsayin Nitin.

Sannan ba a tsayar da labari an tafi kan dutse ko cikin furanni an yi rawa ba. Kiɗan yana bin labarin ne daga baya. Wataƙila wannan yana cikin abin da ya sa bai yi kasuwa ba, amma shi ya ba shi nauyi.

INDA AKA SAMU RAUNI

Sai dai fa, mai karatu, kada yabo ya rufe mana ido. Akwai wurare uku da fim ɗin ya yi tuntuɓe, kuma biyu daga cikinsu manya ne.

Na farko shi ne maganar amana. Yaron da ya ƙi bayar da cin hanci, shi ne kuma ya buɗe kamfani a cikin kamfanin ubangidansa, yana amfani da wayarsa da wutarsa da ma'aikatansa da lokacin da ake biyansa albashi dominsa, har yana ɗauke masa kwastomomi. Marubucin ya san da wannan matsala, shi ya sa ya sa Harpreet yana rubuta duk abin da suka ci na AYS da niyyar biya daga baya. Amma rubuta bashin da mai kaya bai san ka ci ba, bai mayar da shi halal ba. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiya ne an nuna ya sha wuya da asiri ya tonu, kuma bai musa laifinsa ba. Duk da haka an tsara labarin yadda mai kallo zai riƙa yi musu addu'ar kada a kama su, an kuma munana halin Puri yadda za ka ji ai shi ya ja. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haɗarin shi ne matashi ya tashi daga kallon da fahimtar cewa idan oga azzalumi ne, kayansa sun halatta. Nawa ne daga cikin yaran shago a kasuwanninmu suke sayar da nasu kayan a bayan kantar maigida da irin wannan hujja? Da fim ɗin ya zauna a kan wannan tambaya kamar yadda ya zauna a kan ta cin hanci, da ya fi haka zurfi.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne an sauƙaƙa wa Harpreet gaskiyarsa. Ba shi da mata, ba shi da ƙanne a makaranta, ba mahaifiya a asibiti, ba mai gidan haya da ke buga masa ƙofa. Kaka ɗaya gare shi, shi ma yana da rufin asirinsa. Idan aka kore shi, abincin dare yana nan. To gaskiyar wanda ba a rataya masa komai a wuya ba tana da kyau, amma ba ita ce ake jarraba yawancin mutane da ita ba.

A nan ne masu karatun littattafai za su tuna da No Longer at Ease na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1960. Shi ma labarin saurayi ne da ya gama jami'a ya kama aiki. Obi Okonkwo ya yi karatu a Ingila da rancen fam 800 da ƙungiyar mutanen garinsu ta tara masa, ya dawo ya samu aiki a hukumar bayar da tallafin karatu a Legas. Shi ma kamar Harpreet, da aka fara zuwa masa da cin hanci korar mutumin ya yi, yana ganin tsofaffin ma'aikata ne kawai suke wannan ƙazanta. Amma sai Achebe ya bi shi da lissafi: biyan rance duk wata, kuɗin inshorar mota, kuɗin makarantar ƙaninsa, rashin lafiyar mahaifiyarsa, ga haraji, ga mutanen gari da suke ganin tunda ya zama babban ma'aikaci ai kuɗi ba ya ƙare masa. Ba rana ɗaya ya lalace ba, a hankali bashi ya riƙa cinye shi, har aka kama shi da fam 20. Achebe ya fara littafin ne da shari'arsa, don kada ka ɓata lokaci kana tambayar ko zai faɗi, ka mayar da hankali kan yadda aka yi ya faɗi.

Idan ka ajiye su biyun gefe da gefe, za ka ga Sahni ya fi Achebe nuna aikin kansa, domin a littafin ba ka cika ganin abin da Obi yake yi a kan teburinsa ba. Amma Achebe ya fi shi sanin inda albashi yake tafiya. Ɗan Najeriyar da ya kama aiki yau ya fi kusa da Obi. Tun kafin a biya shi na farko an riga an raba: na cefanen gida, na makarantar ƙanne, na gudummawar bikin abokai, ga maganar lefe tana tafe. Ranar da za a miƙo masa ambulan a ƙarƙashin fayil, waɗannan fuskokin ne za su zo masa a rai. Fim ɗin da ya cire su daga labari ya cire rabin jarabawar.

Na uku shi ne ƙarshen labarin da kuma soyayyar da aka liƙa. Ɗan kasuwa irin Puri, wanda aka shafe awa biyu ana nuna mana ba ya asara, a ce ya tako da ƙafarsa ya mayar da kamfani a kan rufi ɗaya? Wannan ƙarshen an yi shi ne don mai kallo ya fita da murmushi. Da an tsaya a kantin nan, Harpreet yana yi wa kwastoma bayani da mutuncinsa, tsofaffin kwastomominsa suna nemansa da kansu, da ya fi kama da duniya. Ita kuwa Sherena (Shazahn Padamsee), kwastomarsa ta farko da aka mayar budurwa, kana iya cire ta bayan cinikin farko labarin bai girgiza ba. Kamar an ji tsoron a yi fim ba mace a gefen jarumi ne aka sako ta. Fim ɗin kuma ya ɗan ja a tsakiya, inda ake ta maimaita yadda suke ɓoye-ɓoye.

ABIN DA YA SHAFE MU

Masana'antarmu ta ɗauki abubuwa da yawa daga Indiya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne: rawa da waƙa, soyayyar mutum uku, rikicin ɗan talaka da 'yar mai kuɗi. Abin mamaki shi ne irin wannan fim, wanda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, ɗaki ɗaya da tebura da 'yan wasa masu kyau sun isa, shi ne ba mu cika kwaikwayo ba. Haka ma a littattafanmu na soyayya. Sau nawa ka karanta cewa jarumi "yana aiki a banki" ko "yana da kamfanoni," amma daga shafin farko har na ƙarshe ba ka ga ya yi aikin minti biyar ba, kullum yana hanyar zance ko filin jirgi? Aikin ya zama ado kamar agogo da mota.

Alhali kuwa labari yana nan jibge. Ɗauki ɗalibin da ya shiga jami'a don karatun shekara huɗu, yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci masa kusan wata tara, na 2022 ya ci masa wata takwas. Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, tsarin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Ya yi sati uku a sansani, aka tura shi wata makarantar ƙauye a jihar da bai taɓa zuwa ba, yana lissafin alawus, wanda ya koma naira 33,000 a 2020, aka fara biyan 77,000 a 2025. Ranar da ya cire kakin nan alawus ya tsaya cak. Daga nan sai yawon kai takardu, da jiran kiran intabiyu, da zaman majalisa da safe lokacin da kowa ya tafi aiki, da kunyar karɓar kuɗin mota a hannun mahaifiya. Wanda yake ganin wannan ba labarin fim ba ne, ya tuna ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a faɗin ƙasar nan don jarabawar shiga aikin hukumar shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsitsi, mutane suka mutu da takardunsu a hannu.

Idan kuma Allah ya sa ya samu, sai a buɗe sabon babi. 'Yar da aka ɗauka talla a banki aka ce ta kawo ajiyar miliyoyi kafin ƙarshen wata, ta ina za ta bi, kuma me wasu masu kuɗin za su nema a wurinta? Malamin makarantar kuɗi da iyaye suke so ya ƙara wa ɗansu maki? Sabon akawun da aka miƙo wa takardar kayan da ba a kawo ba aka ce ya sa hannu? Mai digirin da ya haƙura ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya durƙusa yana koyon gyara a wurin yaron da bai gama sakandare ba? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fim ne cikakke, da dariyarsa da kukansa, kuma soyayya ma za ta samu wurin zama a ciki ba tare da an cusa ta ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne marubuci ya je ya wuni a wurin, ya ji yadda suke magana, ya tambayi farashi, ya san wa yake gaba da wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu kallonmu da yawa a cikin wannan ɗakin suke kwana.

KAMMALAWA

Rocket Singh fim ne da ya cancanci a nema a kalla, musamman ga wanda yake ajin ƙarshe ko yake bautar ƙasa. Zai nuna maka yadda ofis yake tun kafin ka shiga, da yadda ake koya wa mutum ɓarna cikin raha, da darajar masinja da mai karɓar baƙi. Amma ka kalle shi da idonka biyu. Kada ka ɗauki dabarar buɗe shago a cikin shagon maigida, kuma kada ka sa ran wanda ya zalunce ka zai biyo ka da takarda yana ba ka haƙuri. Idan ka gama kallon, ka nemi littafin Achebe ka karanta, domin shi zai gaya maka abin da fim ɗin ya ɓoye, wato nauyin da ke jiran albashin farko. Wanda ya san da wannan nauyin tun da wuri, ya tsara yadda zai ce wa 'yan'uwa "ba ni da shi" ba tare da kunya ba, shi ne zai iya ce wa mai ambulan "ba na so."

Ga furodusoshinmu da marubutanmu kuma, ga fili ga mai doki. Muna jiran ranar da za a nuno mana jarumi a kan teburinsa, mu san abin da yake yi a kai.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.